Tabaran VR yana rage wa tsoho kaɗaici, ko dai mu ne muke neman sauƙin kanmu?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya tofa albarkacin bakinsa. Mahaifinmu shekararsa 78. Tun da Mama ta rasu shekara biyu da suka wuce ya zama wani iri, ga ciwon gwiwa ya hana shi fita kamar da. Abokansa wasu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage su ma jiki ya ƙi. Mu biyar ne 'ya'yansa, amma ni kaɗai nake iya leƙa shi duk mako, sauran kowa yana can inda aiki ya jefa shi. To yanzu Yayanmu ya dage sai an saya masa wannan tabaran na VR, wanda ake ɗaurawa a kai mutum ya ga kamar yana wani wuri daban. Wai shi ma zai sayi nasa, su riƙa haɗuwa a ciki suna hira kamar a ɗaki ɗaya suke. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mutumin da har yau in ya gama waya sai an zo an kashe masa? Akwai wanda ya taɓa gwada wa tsohonsa? Yana rage kewa da gaske?

Gaskiya_Daya: Wa alaikumus salam. Ku je ku gan shi, maganin ke nan. Tsoho ba akwati yake so a fuskarsa ba, 'ya'yansa yake so a gabansa.

Ummu_Hanan: Malam Gaskiya, ai da zuwan yana yiwuwa kullum da ban kawo maganar nan ba.

Injiniya_Sadik: Allah ya jiƙan Mama. Bari in ɗan fayyace yadda abin yake, don mutane da yawa suna ɗauka kallon bidiyo ne aka manna wa ido. A cikin tabaran akwai allo, kowane ido yana ganin nasa hoton da ya ɗan bambanta da na ɗayan, shi ya sa ake ganin zurfi da nisa kamar a zahiri. Sannan na'urar tana bin motsin kanka. Ka waiga hagu, abin da ke hagu za ka gani, ka ɗaga kai, sama za ka gani. Murya ma haka, wanda yake zaune ta damanka ta kunnen dama za ka fi jin sa. Wannan ne yake sa ƙwaƙwalwa ta yarda cewa kana wurin, abin da kiran bidiyo ba ya yi.

Sai dai ki san abu biyu tun yanzu. Nauyi: tabaran da ake kira Quest 2 da ya fito a 2020 giram 503 ne, Quest 3 na 2023 giram 515, Vision Pro na Apple ya kai giram 600 ko fiye. Rabin kilo ne a goshi, wuyan tsoho kuma ba irin namu ba ne. Sai batir, wajen awa biyu yake yi a yawancinsu. Kuma a mafi yawan manhajojin ba fuskar Yayanku zai gani ba, wani mutum-mutumi ne irin na zanen yara yake magana da muryarsa.

Yar_Auta22: Mu mun gwada wa Kakata, kuma wallahi ba zan manta ranar ba. Ba wajen hira muka kai ta ba, manhajar nan da ke amfani da hotunan tituna na Google muka buɗe mata, muka nemo unguwar da ta zauna tana amarya, wadda rabonta da ita ya fi shekara 40. Muka haɗa da talabijin don mu ma mu ga abin da take gani. Da farko ta ƙanƙame hannun kujera ta yi tsit. Can sai muka ji ta ce "ku tsaya, ku koma baya, wancan ginin mai bene." Ta miƙa hannu cikin iska tana nuna ƙofa kamar za ta taɓa. Daga nan fa aka buɗe labari: wace ce maƙwabciyarta, wa ya ranta musu kuɗi lokacin da Kaka namiji ya rasa aiki, a ina babata ta faɗi ta karye. Babata kanta ta ce akwai abubuwan da ba ta taɓa ji ba sai ran nan. Minti goma ta yi da abin a kanta, hirar kuwa sai da muka kai dare.

Gaskiya_Daya: To kin gani. Ku nawa ne a ɗakin?

Yar_Auta22: Mu bakwai.

Gaskiya_Daya: Ai kun riga kun kashe kaɗaicin kafin ku kunna na'urar. Mutum bakwai sun kewaye tsohuwa suna sauraronta, ko tsohon hoto kuka miƙa mata haka za ta yi.

Yar_Auta22: A'a Malam, hotuna muna da su cike da jaka, ta sha ganinsu, ba ta taɓa yin haka ba. Kallon hoto daban, ka waiwaya ka ga titin yana bayanka daban.

Shiru_Kake_Ji: Ni nawa labarin na kunya ne. Kawuna ne ya zo, muka ce bari mu burge shi. Ƙanina sarkin rawar kai sai ya sa masa wasan nan na jirgin da ke gudu kan dogo yana hawa yana gangarowa. Ko minti biyu bai yi ba ya fisge abin ya yar, gumi ya jiƙa masa riga, sai amai. Ranar a kwance ya wuni. Yanzu ko a kan tebur ya hango shi sai ya ce a ɗauke masa wannan masifar. Laifinmu ne, na sani, amma ƙofar ta rufe ke nan.

Nas_Rabi: Subhanallahi. Abin da nake tsoro ke nan, yara su mayar da tsoho abin gwaji don a yi dariya. Aikina kula da tsofaffi ne, shekara 11 ke nan, don haka Ummu_Hanan ki ji wannan da kyau. In har za ku gwada, a zaune zai yi, kan kujera mai hannu wadda ba ta da taya, ba a tsaye ba ko da wasa. Mutum in ya sa abin nan ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ganin tebur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ne faɗuwa take kashewa duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 su ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 78 ba ƙaramin abu ba ne. Ku fara da minti biyar zuwa goma, da abin da ba ya motsi, kamar bakin teku ko lambu. In an cire kar ya miƙe nan take, ya ɗan zauna jiri ya sake shi. Kuma in yana da farfaɗiya, ko yawan jiri, ko an yi masa aikin ido kwanan nan, a fara tambayar likitansa.

Wanda mantuwa ta fara kamawa kuma sai an yi taka-tsantsan sosai. Na ga wanda abin ya kwantar masa da hankali, na kuma ga wadda ta rikice ta fara kuka tana neman hanyar gida alhali a ɗakinta take.

Injiniya_Sadik: Abin da ya sami kawun Shiru_Kake_Ji yana da dalili. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu, shi kuwa sashen nan na can cikin kunne da ke kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune ake. Saɓanin nan ne yake tayar da zuciya, kamar mai karatu a cikin mota. Shi ya sa wuraren hira da ake zama waje ɗaya ba su cika sa jiri ba. Kuma a daidaita tazarar gilasan biyu da tazarar idanunsa, in ba haka ba hoto zai yi dishi-dishi, kai ya yi ciwo.

Dattijo_53: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma yau sai na yi magana, don tun ɗazu kuke ta tattauna mu kamar ba ma wurin. Ni shekarata 72, kuma ina da tabaran nan fiye da shekara guda. Ba 'ya'yana nake haɗuwa da su a ciki ba, su ai ba su da lokaci, ban kuma ga laifinsu ba. Wani abokina ne da muka yi aiki ofis ɗaya shekara 26, ya yi ritaya ya koma wajen 'yarsa can nesa, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi. Duk Talata da Asabar muna shiga wani wasa na buga 'yar ƙwallo cikin rami. Ni ban iya ba, shi ma bai iya ba. Rabin lokacin ma ba ma bugawa, tsayawa muke yi muna gulmar mutanen da yawancinsu sun mutu. Amma in ya yi dariya ina jin ta ta gefen kafaɗata, in na juya ina ganin hannunsa yana motsi yadda ya saba in zai yi gardama. A waya ba na samun wannan.

Makon farko na sha wuya, ban ɓoye muku ba. Sau uku ina mayar da shi kwalinsa. Jikana ne ya rubuta min matakan a takarda da manyan baƙaƙe, ɗaya zuwa shida, ya manna a bango. Har yau takardar tana nan ko da yake na daina dubawa.

Ummu_Hanan: Baba Dattijo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ka ba ni ƙwarin gwiwa. Amma kai ga shi har rubutu kake yi a intanet, namu Baban saƙo ma sai an karanta masa.

Dattijo_53: 'Yata, wannan gaskiya ne, tsufa ba iri ɗaya ba ne. Amma ina da tambaya. Shi kun tambaye shi?

Ummu_Hanan: Gaskiya ba mu tambaye shi ba. Mu biyar muka yi ta magana a tsakaninmu.

Dattijo_53: Hmm.

Mai_Bincike: Ga masu son alƙaluma. Masana a jami'ar Stanford da ke Amurka sun yi nazari kan tsofaffi 245 masu shekara 65 zuwa 103 a gidajen kula da tsofaffi 17. Kusan kashi 80 cikin 100 sun ce sun ji daɗin ransu ya ƙaru bayan sun sa tabaran, kusan kashi 60 kuma sun ce sun ji ba a ware su ba kamar da. Waɗanda ido da kunne suka yi wa rauni ba su more shi kamar sauran ba. Amma a lura: wani kamfani mai sayar da irin wannan hidima, Mynd Immersive, yana cikin aikin, kuma abin da mutum ya faɗa bayan ya cire tabarau ba shi ne yake nuna yadda zai kasance bayan wata shida ba. Sabon abu ai kowa yana murna da shi. Sannan a irin gidajen nan ma'aikaci ne yake sa wa mutum, ya zaɓa masa abin kallo, ya zauna kusa da shi. Kamfanoni irin su Rendever ma tsarinsu ke nan, a sa wa mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya su ga abu ɗaya tare, sannan su yi hirarsa.

Ita matsalar kaɗaicin kuwa ba a musu a kanta. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da shan taba kara 15 a rana. Birtaniya ta naɗa minista kan kaɗaici tun 2018, Japan ta biyo baya a 2021. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi, kuma abin mamaki matasa ne suka fi yawa.

Dattijo_53: Ashe ku ne ma ya kamata mu saya wa.

Dan_Nesa: Baba ka kashe mu da dariya. Amma ina so in amsa wa Gaskiya_Daya, don maganarsa ta farko ta sosa min rai. Ba kowa ne ya bar iyayensa don rashin imani ba. Shekara tara ina nesa da mahaifiyata, kuɗin maganinta ma daga nan yake fita. Kullum ina kiranta. Kun san yadda hirar take? Ya jiki, da sauƙi. Ya yara, lafiya lau. Kin sha magani, na sha. Sai shiru. Shirun waya kuwa nauyi gare shi, sai ɗaya ya ce to sai anjima. Minti uku an gama. Alhali da ina gida sai mu yi awa biyu zaune, tana harkarta ina tawa, ba wanda ya ce uffan, kuma a tare muke. Wannan zaman ne na rasa, ba magana ba. In akwai na'urar da za ta ba mu wuri mu zauna tare muna kallon abu ɗaya ba sai an nemo abin faɗa ba, ni kam ba zan raina ta ba.

Gaskiya_Daya: Ɗan'uwa ka yi haƙuri, ban yi nufin in taɓa ka ba. Tsorona ɗaya ne: yau an saya, gobe an ce ai muna haɗuwa a ciki, tafiyar da ake yi sau biyu a shekara ta koma sau ɗaya, daga nan ta koma sai in an ce jiki ya yi tsanani. Na ga an yi haka da waya, na ga an yi da kiran bidiyo. Duk abin da ya sauƙaƙa nisa yana ƙara wa nisan daɗewa.

Hajjo_M: Surukata ƙin gaisawa ta yi. An sa mata, ɗanta ya shigo da siffar nan tasu mai kama da 'yartsana, daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai, yana shawagi. Ya gaishe ta da muryarsa sak. Ta ce "muryar ɗana ce amma wannan ba ɗana ba ne, ku cire min." Ta ce a mayar mata da wayarta inda za ta ga ko ya rame. Kuma na fahimce ta. Uwa fuska take karantawa.

Injiniya_Sadik: Wannan kam rauni ne na gaske. Ana ta ƙoƙarin yin siffofi masu kama da mutum sosai, Apple suna da nasu da ke ɗaukar kamannin fuskarka, amma kafin ya zama ruwan dare da saura.

Shiru_Kake_Ji: Wai ni kam me za mu kira abin nan da Hausa? Tabarau ai ba ya rufe rabin fuska. Kawuna takunkumin ido yake ce masa.

Yar_Auta22: Kakata cewa take "ku ɗauko min tagar nan."

Mai_Bincike: Na Kaka ya fi daɗi. Abin ma fa ba sabo ba ne yadda ake zato, tun 1968 wani masani Ivan Sutherland ya ƙera irinsa na farko, sai da aka rataye shi daga rufin ɗaki. Baba Dattijo yana ɗan shekara 15 lokacin.

Tsaro_Farko: Ba wanda ya taɓo wannan, bari in taɓo. In za ku sa tsoho a ciki, ku rufe masa ɗakunan hira na kowa-da-kowa. Akwai yara marasa kunya masu zagi, akwai kuma 'yan damfara, kuma tsoho mai kewa shi ne abin farautarsu, don wanda ya saurare shi kwana uku ya zama ɗan gida. A buɗe masa ɗaki na iyali kawai, kada a haɗa katin banki da asusun. Ku tuna kuma na'urar tana da kyamarori da ke auna ɗakin da mutum yake. Wani abin kuma, dandalin nan ba naku ba ne. AltspaceVR yana cikin wuraren haɗuwa da suka fi daɗewa, mutane sun yi shekaru suna taruwa a ciki, Microsoft ta rufe shi a watan Maris na 2023. Matashi zai koma wani gobe. Tsohon da ya sha wuya kafin ya haddace mataki shida fa?

Ummu_Hanan: Kun ga wani abin da yake cina ban faɗa ba. Yaya zai saya ya aiko, ya samu ladansa, shi ke nan. Wa zai riƙa sa caji? Wa zai zauna in ta ce sai an sabunta manhaja? Wa zai goge gilashin, ya ɗaura masa, ya tsare shi kar ya miƙe? Ni ce. Ranar da nake zuwa guda ɗaya a mako, maimakon in zauna mu yi hira, zan koma mai gyaran na'ura don ya yi hira da wani.

Nas_Rabi: Kin faɗi abin da ba a faɗa. Ki gaya wa Yayanku haka ƙiri-ƙiri kafin a kashe ko sisi. In akwai wani yaro a kusa da za a koya wa ya riƙa taimaka masa a ranakun da ba kya nan, to da dama-dama. In babu, cikin kwaba zai ƙare.

Dan_Nesa: Wannan ta shige ni. Ban taɓa tunanin ƙanwata ce za ta ɗauki wahalar ba.

Dattijo_53: Kada ku saya tukuna. Ku aro. Kuma in kun je kada ku ce masa "mun kawo maka abin da zai rage maka kaɗaici," ba namijin da zai amsa wa 'ya'yansa cewa yana kaɗaici. Ku ce kuna so ya gaya muku ko abin nan yaudara ne.

Ummu_Hanan: Jama'a na dawo da labari. Na aro na ɗan maƙwabciyata jiya, na bi shawarar Anti Rabi, kujera mai hannu, na kawar da tebur. Na kuma faɗa masa yadda Baba Dattijo ya ce, sai ya gyara zama ya ce kawo mu gani. Bakin teku na sa masa. Ya yi shiru yana juya kai a hankali, ya kalli sama, ya sunkuya ya kalli ƙasa, har ya ɗage ƙafarsa ɗaya da ruwa ya taho. Minti takwas na duba agogo. Da na cire masa, abin ya bar masa shaida ja a goshi da kumatu, yana ta murza ido. Ya ce "ikon Allah." Sai ya ce "Yayanki yana ciki?" Na ce a'a, sai ya sayi nasa tukuna. Ya ce "to ni kaɗai me zan yi a bakin ruwa?" Na ɗauka an gama ke nan, na fara mayar da shi jaka. Har na kai ƙofa ya kira ni, wai in tambayi yaron ko abin yana nuna garin da suka fara zama da Mama.

Gaskiya_Daya: "Ni kaɗai me zan yi." Ai ya gama magana.

Yar_Auta22: Malam Gaskiya ka karanta har ƙarshe mana, ai shi ya nemi a sake kawowa.

Nas_Rabi: Ki shirya wa wannan na biyun, 'yar'uwa. Yana iya yin murna, yana iya yin kuka, kuma in ya tarar an rushe gidan ba a san yadda zai ɗauka ba. Ki fara dubawa ke kaɗai kafin ki sa masa. Shaidar goshin kuma maɗaurin ne ya yi tsauri, ki sassauta na gefe ki ja na saman kai ya ɗauki nauyin.

Ummu_Hanan: To Anti, na gode. Yaya dai na ce ya dakata da sayen, bai ji daɗi ba amma ya yi shiru. Injiniya, tambaya ɗaya: Baba tabarau biyu gare shi, na karatu da na hangen nesa. Jiya da na karatun ya sa, ya ce yana gani hazo-hazo. Wanne ya kamata?

Injiniya_Sadik: Na hangen nesa. Allon yana dab da ido amma gilasan ciki suna tura hoton kamar yana gaba da mita ɗaya, na karatu ba zai yi ba. Ki tambayi yaron ko yana da 'yar robar da ake ƙarawa don tabarau ya samu wuri, kar su gogi juna su karce.

Dattijo_53: In Yayan naki ya ƙi saya, ki gaya wa Babanku muna neman na uku ranar Asabar. Ba sai ya iya ba.